Darasi na 12: Shiga Koyon Aikin Ƙarfe

Duk garin da ake markaɗe, ake ban ruwan rani da inji, ake hawa babur da Keke Napep, akwai ƙarfen da ke juyawa dare da rana, kuma duk ƙarfen da ke juyawa wata rana sai ya cinye. Ran da ya cinye, ko dai a sayo sabo da tsada, in ma akwai shi a kasuwa, ko kuma a kai wa wanda zai gyara shi ko ya sassaƙo wani irinsa. Wannan darasi a kan mai gyaran yake, tun daga ranar da aka kama hannunsa yana saurayi aka kai shi shago. A ajin nan akwai masu niyyar shiga sana'ar da kansu, akwai iyayen da ke shawarar kai 'ya'yansu, akwai kuma waɗanda suka daɗe a shago suka dawo neman karatu. Da ku duka ake magana.

Aikin ƙarfe daɗaɗɗe ne a ƙasar Hausa. Labarin kafuwar Kano ma da maƙera ya soma, domin an ce mutanen Gaya ne suka zo gindin Dala neman tama, kuma masu binciken tarihi sun tono alamun narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7. Maƙeran baƙi su ke yin fartanya da garma da gatari da lauje, maƙeran fari kuma su ke aikin azurfa da tagulla. A da ƙira gado ce. Yaro kan buɗe ido ya ga zuga-zugi da uwar maƙera a zauren gidansu. Yau kuwa in ka shiga Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Katako a Yamai, ko Suame Magazine a Kumasi, za ka tarar da samari birjik suna walda, suna huda, suna sassaƙa, alhali iyayensu ba su taɓa riƙe masaba ba.

Akwai babban bambanci tsakanin aikin kakanni da na yanzu, kuma a kansa darasin zai fi tsayawa. Maƙeri na ƙera fartanya ta dace da hannun manomi. In ta ɗan ɗara ko ta ɗan gaza, ba wanda zai koka. Shi kuwa mai gyaran inji, abin da ya sassaƙa zai shiga ne cikin wani ƙarfen da aka ƙera a Japan ko Indiya ko Sin bisa ƙayyadadden awo, kuma dole su yi daidai. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A kasuwar hatsi gaskiya ne. A gaban injin sassaƙa ƙarfe, kima ba ta isa.

Kafin a kai yaro

Uba ya je ya ga shagon da idonsa kafin ya miƙa ɗansa, kuma ya je a lokacin da ake tsakiyar aiki. Ya duba wa ke kan inji. In maigidan ne kaɗai ke taɓa inji, yaran kuwa suna zaune a benci ko sun tafi aike, to a nan yaro zai shekara uku bai iya komai ba sai sayo abinci. Ya tambaya ko akwai waɗanda maigidan ya yaye, da inda suke yanzu. Maigidan kirki zai nuna maka shagunansu da yatsa yana alfahari.

A yi magana a fili kan abu huɗu: shekara nawa za a yi, wa zai ciyar da yaron, ko za a biya kuɗin koyo, da wa zai ɗauki nauyin magani in ya ji ciwo. Mu kan ji nauyin irin wannan magana, musamman in maigidan ɗan'uwa ne ko maƙwabci, mu ce ai amana ce. Rubutu ba ya rage amana. Dokar ƙwadago ta Najeriya ma ta tanadi a rubuta yarjejeniyar koyon sana'a, kuma wa'adinta kada ya wuce shekara 5. Takarda ɗaya da sa hannun shaidu biyu na hana zumunci ɓaci ran da aka sami saɓani. Kuma in yaron yana makaranta, kada a cire shi. A nema masa yamma da ranakun hutu, domin lissafin da yake koya a aji shi zai ci da shi a shago.

Watannin farko

Sabon yaro da tsintsiya yake farawa, kuma da yawa daga nan suke gudu. Shara a shagon ƙarfe tana da amfaninta ga mai lura. Mai share ƙarƙashin inji shi ke fara sanin ɓawon da kowane ƙarfe ke zubarwa: baƙin ƙarfe na fitar da dogon ɓawo mai nannaɗewa, ƙarfen zubi irin na gidan inji na zubar da baƙin gari mai ɓata hannu, alminiyam kuma fari ne marar nauyi. Mai goge inji yana zuba masa mai kowace safiya shi ke fara sanin inda ya saki da inda yake ƙara. Mai miƙa kayan aiki shi ke haddace sunansu da wurin ajiyarsu. Amma ina jan hankalin masu shago: wannan mataki na watanni ne. Wanda ya bar yaro a kan tsintsiya da aike har shekara biyu ya ci amanar iyayensa.

Daga nan sai aikin benci, wato zarto da magagari da guduma da kurfi. Haƙoran zarton ƙarfe gaba suke kallo, saboda haka a turawa yake yanka, a jawowa kuma sai a sassauta hannu. Ruwan zarto iri-iri ne, akwai mai haƙori 18 a inci ɗaya, akwai mai 24, akwai mai 32. Ƙarfe mai kauri na son manyan haƙora, siririn fayif kuma ƙanana, yadda aƙalla haƙora uku za su riƙa taɓa ƙarfen a lokaci guda. In ba haka ba, haƙoran sai su kakkarye. Magagari ma a turawa yake ci. Kada a yi aiki da wanda ba shi da ƙota, domin tsininsa na iya shiga tafin hannu. In ya toshe da ɓarɓashi, a goge shi da burushin waya, a shafa masa alli.

Maigidan da ya san abin da yake yi zai ba yaro guntun ƙarfe ya ce ya goge fuska ɗaya har ta kwanta sumul, yadda in an aza ma'auni a kanta aka ɗaga sama haske ba zai ratsa ba. Aikin na da gundura, kuma karon farko tsakiyar kan yi tudu, gefuna su zube. Kada yaro ya raina shi. A nan hannu ke koyon jin ƙarfe, a nan kuma ake gane mai haƙuri. Wanda ya iya fitar da fuska mai kyau da magagari, in an ba shi inji ba ya wahala.

Sai sanin ƙarfe. Yawancin abin da ake aiki da shi a shagunanmu daga 'yan gwangwan yake zuwa, ba takarda ba lamba, don haka dole a gane shi da dabara. Maganaɗisu na kama baƙin ƙarfe, ba ya kama alminiyam ko jan ƙarfe ko tagulla. In an taɓa ƙarfe a dutsen washi, tartsatsinsa na faɗin asalinsa: ƙarfe mai laushi irin na ƙofa da taga na fitar da dogon tartsatsi mai 'yan rassa kaɗan, ƙarfe mai tauri irin na sifirin ɗin mota ko tsohon magagari na fitar da tartsatsi mai yawan fashewa, na ƙarfen zubi kuma gajere ne ja-ja. Abin da ya raba su shi ne yawan sinadarin gawayi da ke cikinsu. A ƙarfe mai laushi bai kai kashi ɗaya bisa uku na kashi 1 cikin 100 ba, shi ya sa ko an gasa shi an tsoma a ruwa ba ya yin taurin kirki. Sifirin kuwa in an gasa shi ya yi ja har maganaɗisu ya daina kama shi, aka tsoma a mai, sai ya yi tauri ƙwarai, har ya zama mai saurin karyewa. Daga nan a goge shi, a sake ɗumama shi sannu a hankali ana kallon launinsa yana sauyawa daga ruwan ƙasa-ƙasa mai haske zuwa shuɗi, a tsayar inda ake so. Maƙeranmu sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke neman sifirin in za su ƙera wuƙa ko kurfi.

Awo

A nan nake so mu zauna sosai. Ma'aunin wannan sana'a milimita ne. Milimita 10 ne santimita 1, milimita 1,000 kuma mita 1. Ku duba rula: tsakanin ƙananan layuka biyu, milimita ɗaya ke nan. Mai sassaƙa ƙarfe yana raba wannan 'yar tazara gida 100, kuma da waɗannan gidaje yake aiki. Kaurin takardar rubutu bai wuce wajen 0.1 ba. Akwai aikin da in ka kuskure da 0.03, wato ƙasa da sulusin kaurin takarda, ya lalace.

Saboda haka ɗigon da kuka koya a darasin lissafi kayan aiki ne. 0.5 rabin milimita ne. 0.05 kuwa kashi ɗaya ne cikin goma na wancan rabin. Wanda ya ɗauke su abu guda zai ci ƙarfe ninki goma na abin da aka ce ya ci, kuma ƙarfen da aka sassaƙe ba ya komawa. Haka nan 25.1 da 25.10 abu ɗaya ne, amma 25.1 da 25.01 daban suke. Ku maimaita wannan har ya zauna.

Ga kuma inci, wanda har yanzu bai bar mu ba, musamman a fayif da tsofaffin injuna. Inci 1 milimita 25.4 ne, rabin inci 12.7. Sau da yawa a kasuwa ana kiran ƙarfe mai kaurin 25 da inci ɗaya, alhali akwai 0.4 a tsakaninsu. Ga mai ƙera ƙofa wannan ba komai ba ne. Ga mai sa boris babban rami ne.

Wani ruɗanin da ke kama sabon yaro shi ne lambar sifana. In an ce miƙo lamba 17, faɗin kan notin ake nufi. Kaurin jikin bol ɗin da sifana 17 ke kwancewa yawanci milimita 10 ne, na sifana 13 kuma 8, na sifana 10 kuma 6. A motoci da baburan Japan ma sai ka ga bol mai kaurin 10 da kai mai lamba 14. Duk wanda zai huda rami ko ya yanka tiredi, jikin bol ɗin zai auna. Ga ƙa'ida mai sauƙi ta ramin da za a yanka wa tiredi: a cire tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori daga kaurin bol ɗin. Bol mai kaurin 10 tazarar haƙoransa na yau da kullum 1.5 ce, don haka ramin 8.5 za a huda. Mai kaurin 6 tazararsa 1 ce, ramin 5 ke nan. In ka huda ramin 10 don bol mai kaurin 10, babu naman da tiredi zai kama.

Abin awon da yaro zai fara riƙewa shi ne baniya. Tana da dogon jiki mai layukan milimita, da wani ɗan guntu mai zamewa da nasa layukan. A karanta ta a mataki biyu. Da farko a duba inda sifirin ɗan guntun ya tsaya: in ya wuce 24 bai kai 25 ba, to 24 ne da wani abu. Sannan a bi layukan ɗan guntun ɗaya bayan ɗaya har a ga wanda ya yi daidai da wani layin na sama, shi zai faɗi abin da ya ɗoru, misali 0.86. Awon ya zama 24.86. Yawancinsu suna karanta har 0.02 ko 0.05. In ana son abin da ya fi haka, sai maikuromita, wadda ke karanta 0.01. Akwai baniya mai batir da ke nuna lamba kai tsaye, kuma tana da daɗin aiki, amma a koyi mai layukan tukuna, don batir na mutuwa ba sallama.

Kafin awo a goge bakin baniyar da ƙarfen, a rufe ta a tabbata tana kan sifiri. Kada a matse da ƙarfi. A auna wuri uku ko huɗu ana juya ƙarfen, domin abin da ya cinye ba ya cinyewa daidai ta ko'ina. Kada a jefa ta cikin akwatin sifana, kada a ja layi da bakinta. Kuma a rubuta. Na fi yarda da yaron da ke da ɗan littafi mai maiƙo a aljihu a kan mai cewa ya riƙe a ka. Wannan littafi shi zai kai shi ga karanta zane. Ran da injiniya ya kawo takarda an rubuta Ø25 ±0.02, yaron zai san ana nufin ƙarfe mai zagaye mai kaurin 25, an yarda ya sauka zuwa 24.98 ko ya hau zuwa 25.02, abin da ya fita daga nan kuwa ba a karɓa. Shagon da ke iya aiki da irin wannan takarda shi masana'antu ke nema, kuma kuɗinsa daban ne.

A gaban inji

Injin sassaƙa ƙarfe yana kama ƙarfe ya riƙa juya shi, mai aiki kuma yana tura wuƙa tana fere shi. Da shi ake yin shaf da fuli da bushi da tiredi. Bari mu ga yadda aiki ɗaya ke tafiya.

Mai markaɗe ya shigo da shaf a hannu, ya yi sallama.

"Oga, injin nan ya hana ni sakat. Wata biyu ban cika ba na sake boris, ga shi ya koma kuka."

Maigidan ya karɓa ya juya, ya miƙa wa yaronsa. "Kai, karanto mini lambar boris ɗin."

"6205, Maigida."

"Raminsa nawa ke nan?"

Yaron ya ɗan yi shiru. An koya masa cewa daga 04 zuwa sama, a ninka lambobi biyun ƙarshe sau 5. "25 ne, Maigida."

"To auna mazauninsa."

Ya goge, ya auna, ya juya ya sake aunawa. "Nan 24.86, nan kuma 24.92."

Maigidan ya dubi mai markaɗe. "Malam, boris ba shi da laifi. Mazauninsa ne ya cinye, har ya daina zama zagaye. Ko goma ka saya haka za su yi ta mutuwa."

"To ba za a ɗan bubbuga masa kurfi ya kama ba? Wancan karon haka aka yi mini."

"Shi ya sa ka dawo."

Wannan bubbugawa da kurfi, ko cusa guntun gwangwani, aikin ha'inci ne ko da ba da niyya aka yi shi ba. Tsirarun tudun da kurfi ya tayar suna kwantawa cikin 'yan kwanaki. Gyaran gaskiya shi ne a cike wurin da walda, a hankali, ana juyawa gefe da gefe don kada zafi ya lanƙwasa shaf ɗin, a bar shi ya huce da kansa, sannan a ɗora a inji a tabbata ba ya rawa. A daidaita bakin wuƙa da tsakiyar ƙarfen. A fara da babban ci har a sauko wajen 25.5.

A nan akwai abu biyu da ke kayar da sabon hannu. Na farko, in ka tura wuƙa milimita 1, kaurin ƙarfen milimita 2 zai ragu, domin ana cin sa ta ko'ina yana juyawa. Wasu injunan lambobin da ke jikin hannun turawa sun riga sun lissafa wannan, wasu ba su lissafa ba. A gwada da ɗan ƙaramin ci a auna, a san halin injin kafin a amince masa. Na biyu, ƙarfe na kumbura in ya yi zafi. Shaf mai kaurin 25 in zafinsa ya ƙaru da digiri 50, kaurinsa na ƙaruwa da wajen 0.015. Mazaunin wannan boris kuwa wajen 25.01 ake so, don ya shiga da ɗan matsi. Wanda ya auna da zafi ya ga 25.01 ya yi murna, in ƙarfen ya huce zai tarar ya sauka ƙasa da 25, boris ya riƙa faɗawa da kansa. Don haka maigidan ya kashe inji ya ce wa yaron ya je ya yi salla ya dawo. Bayan ya huce suka gama da ƙananan ci biyu, suna aunawa a tsakani.

Gudun inji ma da lissafinsa. Ƙarfe mai kauri a hankali ake juya shi, siriri kuma da sauri. Ga baƙin ƙarfe mai laushi da wuƙa ta yau da kullum wadda ake wasawa a dutse, a raba 9,000 da kaurin ƙarfen, abin da ya fita shi ne kimanin juyi nawa a minti ɗaya. Kauri 25 ya ba da 360, kauri 10 ya ba da 900, kauri 100 kuma 90. A zaɓi gudun da ya fi kusa ta ƙasa. Haka lissafin yake ga bakin huda. In ɓawo ya fara fitowa shuɗi kuma bakin wuƙa na dakushewa da wuri, gudu ya yi yawa. Wuƙaƙe masu bakin kabaid sun fi jure gudu da zafi, alminiyam ma ana iya ninka masa gudu.

Kiyaye jiki

Ku lura da hannuwan tsofaffin ma'aikatan ƙarfe, za ku ga da yawa yatsunsu ba su cika ba. Mu kan ce tsautsayi ne, amma yawancinsa da sanadinsa a bayyane. Inji mai juyawa in ya kama tufa ba ya saki. Babbar riga, hannun kaftani, jelar rawani, carbi a wuya, zobe, agogo, duk a ajiye su kafin a kunna. Mata da suka fara shiga wannan sana'a su nemi ɗan ƙaramin hijabi su cusa shi cikin rigar aiki. Safar hannu tana da amfani wajen walda da ɗaukar kwano, amma a gaban injin sassaƙa da injin huda haɗari ce, don ita ke jan hannu ciki. Makullin da ake ɗaure ƙarfe da shi a bakin inji kada ya zauna a wurin ko na ƙiftawar ido, in hannu ya sake shi to ya fito da shi. Wanda aka manta aka kunna inji, jifa yake zama. Ɓawon ƙarfe yana yanka, a janye shi da ƙugiya ko burushi bayan inji ya tsaya. Silifa ba takalmin shago ba ne.

Ido ya fi komai shiga haɗari. Tabarau mai kariya ba shi da tsada in an gwada shi da ido ɗaya. A sa shi wajen washi da huda da sassaƙa. Kada a cire murfin garanda, domin faifanta na iya tarwatsewa. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya tare hasken walda, sai gilashin da aka yi don haka, wajen lamba 10 ko 11 ga waldar lantarki ta yau da kullum, kuma a jikin abin rufe fuska. Yaron da ke riƙe wa maigida ƙarfe ma hasken na cin idonsa. Ciwon ba ya tashi nan take, sai cikin dare, mutum ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. In ɓarɓashi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai tsabta, in bai fita ba a tafi asibiti. Kada a murza, kada a bari wani ya sa tsinke ko bakin allura.

Kada a kusantar da wuta ga tanki ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur, ko da an ce ya shekara a bushe. Tururin da ya rage a ciki shi ke fashewa. Hayaƙin waldar fayif ko kwano mai farin shafi na sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, a yi ta a sarari inda iska ke kaɗawa. Madarar da wasu ke sha bayan walda abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke huhu. Masu narka alminiyam don yin tukwane su kiyaye kada dalmar batir ta shiga ciki, gubarta na lalata ƙwaƙwalwar yara. A yi allurar rigakafin tetanus tun kafin a ji ciwo. Sai maganar ƙwaya. Akwai masu cewa tiramadol na ƙara ƙarfin aiki. Wanda ya sha ba ya jin gajiya, ba ya kuma jin lokacin da hannunsa ya matsa kusa da inji. Maigida ya kori duk wanda ya zo a buge daga kan inji, ko da ɗan cikinsa ne.

Takardar shaida

Yaye a shago abu ne mai kyau, amma kamfani da ma'aikatar gwamnati takarda suke tambaya. A Najeriya Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na yin gwajin sana'a mai mataki uku, ana farawa daga na III, sai na II, sai na I, kuma wanda ya koya a shago yana iya zama. Hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, ita ke shirya jarrabawar makarantun fasaha. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, mai hedkwata a Jos, da hukumar samar da aikin yi ta NDE, suna da shirye-shiryen koyar da sana'a. A Nijar akwai cibiyoyin koyon sana'a da takardar CAP. A je ofishinsu da ƙafa a tambaya, kada a ba ɗan tsakani kuɗi. Duk waɗannan gwaje-gwaje akwai karatu da lissafi da zane a cikinsu, wato abin da kuke yi a wannan aji.

Aikin yi

1. Wanne ya fi girma, 0.3 ko 0.08? Nuna yadda ka gane.

2. An rubuta Ø40 ±0.05 a zane. Yaro ya sassaƙa uku, awonsu ya fito 39.96 da 40.06 da 39.90. Wanne za a karɓa? Wanne ake iya gyarawa a inji, wanne kuma ya lalace?

3. Kaurin shaf 32 ne, ana so ya koma 30. Milimita nawa wuƙa za ta shiga?

4. Boris mai lamba 6206, raminsa milimita nawa ne? In za a sassaƙa mazauninsa da wuƙa ta yau da kullum, kimanin juyi nawa a minti ɗaya?

5. Ku rabu biyu-biyu, ɗaya uba ɗaya maigidan shago, ku rubuta yarjejeniyar koyon sana'a da ba ta wuce layi goma ba, ku karanta wa aji.

6. Kafin zama na gaba, kowa ya ziyarci shagon ƙarfe mafi kusa da shi, ya nemi izinin maigidan, ya roƙi a nuna masa yadda ake karanta baniya. Ya auna bol guda uku, ya rubuto kaurin kowanne da lambar sifanar da ke kwance shi.